Rasuwar Akwatin da Ya Ɓata wa Baba Tsoho Juma'arsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, da sallamawa ga Wanda ya halicci tsoka ya halicci ƙarfe, Hajiya Mas'uda, matar marigayi Lurwanu, mai gidan saukar alhazai a lungun masu asuwaki da ke unguwar Misfala a Makka, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk alhajin da ya taɓa ratsa lungun zuwa Harami, rasuwar akwatin farfaɗo da zuciya da ke manne a bangon ƙofar gidanta, wanda aka fi sani da Mai Koren Ido. Ya rasu a bakin aikinsa, a tsaye, sanye da rigar karammiski, bayan doguwar jinyar da kowa ya ji nishinta amma babu wanda ya gane. Ba a san ranar da ya cika ba. Ranar da aka gane ya cika kuwa, Hajiya Mas'uda ce da kanta kwance a ƙasa ana nemansa.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan akwati ne rawaya, bai fi jakar hannun alhaji ba. A cikinsa akwai faifai biyu masu danƙo da ake liƙa wa mutum a ƙirji idan ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta rikice ta daina tura jini. Sai akwatin ya saurari zuciyar, in ya ga da hali ya aika mata da wutar lantarki, ta firgita ta dawo kan hanya da izinin Allah. Ba ya bukatar likita. Ana ɗaga murfinsa yake fara magana cikin Larabcin masu karanta labarai, yana gaya wa duk wanda ya buɗe shi abin da zai yi, ɗaya bayan ɗaya, ba ya ɗaga murya ko da lungu ya kaure da salati. A kusurwarsa ta sama akwai ɗan ido guda da ke ƙyaftawa kore, ma'anarsa ina nan, lafiyata ƙalau. Daga nan ya samo sunansa.

Wata mutuwar ce ta kawo shi lungun. Ana dab da fita Mina a wata shekara, lungu ya cika maƙil da alhazai, Lurwanu ya fito zai tafi sallar La'asar. Ya sa takalmi ɗaya, ya sunkuya zai sa ɗayan, bai ɗago ba. Jama'a ba su yi ƙasa a gwiwa ba, kowa ya yi abin da ya sani. Wannan ya yayyafa masa zamzam, wancan ya kwarara masa, wani ya yi masa fifita da kwali, wani ya kai masa turare hanci, sauran suka kewaye shi suna kalimar shahada. Motar is'af, mai ɗaukar marasa lafiya, ta maƙale a cikin cunkoso can bakin titi. Hajiya Mas'uda tana tsaye a ƙofa riƙe da ɗaya takalmin, tana kallon mijinta yana tafiya a tsakiyar mutanen da duk suke son sa, babu wanda ya san inda zai sa hannu.

Bayan an share makoki, 'yarsu Rawan, wadda a lokacin take koyon aikin jinya, ta faɗi wata magana cikin Hausarta mai rabin Larabci. Ta ce, "Ummi, ajali ajali ne, na sani. Amma da akwai jihaz, akwatin nan na farfaɗo da zuciya, a kusa, da mun yi sababi." Daga ranar maganar ba ta bar kunnen uwar ba. Ta ɗaukar wa kanta alkawari cewa muddin tana numfashi, ba za a sake faɗuwa a ƙofar nan a rasa abin yi ba.

A Makka idan aka yi rashi, dangi kan kafa wa mamaci sabil, wato barrada, na'urar ruwan sanyi, a ƙofar gida, a rubuta sunansa a jikinta, duk mai ƙishin da ya sha lada ta tafi kabari. Turki, ƙanen Lurwanu, har ya zaɓi wuri a bango, ya kawo mai aikin famfo ya auna. Sai ga matar yayansa ta zo da akwati rawaya ta ce shi za a kafa.

"Ya Ummu Rawan, esh hada, mene ne wannan?" in ji Turki. "Kowa barrada yake yi wa mamacinsa. Wa zai sha akwati?"

Ta ce, "Turki, ranar da yayanka ya faɗi kana wurin. Sharkaf aka ɗauke shi. Ruwa ne ya yi ƙaranci?"

Turki dai bai haƙura ba. Ya ce to a sa masa kwaɗo, a ajiye mabuɗi a shagonsa. Ta ce mabuɗin da zai riƙa bin mai shago Harami a kowace salla ba ta son sa. Haka aka kafa marigayin a buɗe, inda hannun kowa zai kai, da sunan Lurwanu a ƙarƙashinsa.

Waɗanda suka zauna da shi za su shaida kyawawan halayensa. Bai taɓa cin abin wani ba, bai taɓa gulmar maƙwabci ba. Bai nemi hutu ba ko a kwanakin da duk lungu ke tafiya Mina aikin jagora da dako, a bar shi da kyanwoyi. Bai taɓa tambayar mutum ƙasarsa ba, balle ya ce a nuna masa iƙama, takardar izinin zama. Ga haƙuri. Alhazai sun nemi ramin jefa sadaka a jikinsa, sun shafe shi sun shafa a fuska, wani ya shanya jiƙaƙƙen haraminsa a kansa har ya bushe, duk bai ce uffan ba. Turki kuwa duk ranar da ya biyo ta lungun sai ya tsaya ya gaishe shi da ladabi, sa'an nan ya ɗaga murya yadda za a ji a sama, ya tambaya yau mutum nawa suka sha.

Hajiya Mas'uda takan yi dariya, amma tambayar tana mata ciwo, ciwo na gaske. Tana ganin barradun maƙwabta ana layi a kansu safe da yamma, lada tana kwarara ga mamatansu, nata mijin kuwa shiru. Ga shi ba dama ta roƙi Allah ya kawo wa sabil ɗinta mai sha, domin wannan roƙo ne na a faɗi. Abin da take iya yi shi ne ta fito kowace safiya ta kalli idon, ya ƙyafta mata kore, ta koma ciki.

Aikin da marigayin ya yi a duniya guda ɗaya ne tak, kuma wanda aka yi wa aikin bai gode ba. Baba Tsoho mai asuwaki ne, farantinsa a gindin bangon yake tun kafin a haifi Rawan. Ta ƙasa ya zo Makka yana saurayi, ta Chadi da Sudan, yana tafiya yana tsayawa noma, ya iso bai koma ba. A jakar da yake zama a kanta akwai likkafaninsa, wankakke da zamzam, kowace shekara sai ya fito da shi ya sha iska ya mayar. Addu'arsa ɗaya ce, duk lungu ya haddace ta: Allah ya ɗauke shi ran Juma'a, cikin Ramadan, da azumi a bakinsa, da alwalarsa, yana kan hanyar Harami.

To, wata Juma'a a goman ƙarshe na Ramadan komai ya haɗu. Ya yi alwala, ya sa sabuwar jallabiya, ya rufe faranti, ya ce bismillah, ya taka ya faɗi. Hajiya Mas'uda ta hango shi ta taga. Ba ta san lokacin da ta sauko ba, ko mayafin kirki babu. Ta ratsa masu zamzam, ta fizgo akwatin, ta kama wuyan sabuwar jallabiyar ta keta ta har cibiya, a gaban maza, da rana tsaka, cikin azumi. A nan lungu ya fara jin muryar marigayin, kuma har yau akwai masu kwaikwayonta. "Ka natsu. Kira is'af. Liƙa faifan a ƙirji kamar yadda aka zana." Ya yi shiru yana saurare. "Ku ja da baya. Kada kowa ya taɓa shi." Baba Tsoho ya zabura daga ƙasa ya koma. "Sa hannu a tsakiyar ƙirji. Danna. Danna da ƙarfi." Sai ya shiga yi mata kiɗa, ƙit, ƙit, ƙit, tana dannawa a kan kowane ƙit, har tsohon ya yi tari.

A asibiti ya buɗe ido ya ga farin haske, ya yi murmushi. Da ya ƙara dubawa ya ga ƙwan lantarki ne, ya tambayi wace rana ce. Aka ce Asabar. Ya juya fuskarsa bango. Da Hajiya Mas'uda ta zo duba shi da kwanon romon shurba, ko kallon kwanon bai yi ba.

"Juma'a, ya Hajiya," ya ce. "Goman ƙarshe. Da alwalata. Ina zan sake haɗa su?"

"Baba, ai kwananka ne bai ƙare ba. Akwati ba ya hana ajali."

"Na sani. Ba ni da ja da hukuncin Allah. Da sababin nake."

Ranar da ya dawo lungu ya juya farantinsa ya ba bangon baya, ya ƙulla gaba da marigayin, gabar da ta ɗauki shekaru. Gwiwa ta yi ciwo, akwati ne. Haƙori ya fita, akwati ne. Ciniki ya yi sanyi, da ba a yi masa shisshigi ba da yanzu ina ruwansa da ciniki. Amma bai bar gindin bangon ba, wai saboda inuwa. A duk farkon lokacin umara Rawan takan fito da mutum-mutumin roba ta koya wa baƙi da maƙwabta yadda ake danna ƙirji, tana maimaita kalaman akwatin daki-daki. Masu zuwa ba su da yawa. Wanda bai taɓa fashi ba shi ne Baba Tsoho, domin a bayansa ake yin darasin, yana yankan asuwaki yana tsaki. A shekarar da ta biyo bayan Juma'ar, 'yarsa da ya bari a goye a Abashe ta ƙasar Chadi ta zo umara da furfurarta, ta yi ta tambaya har ta same shi da rai. Ya riƙe hannunta wuni guda hawaye na zuba, ya ce hayaƙin turare ne. Bai ce ya yafe wa kowa ba.

Bayan wannan aiki marigayin ya samu girma a lungu, kuma girman ne ya zama ajalinsa. Yalwa, maƙwabciya mai keken ɗinki, ta ce bai dace abin da ya yi irin wannan hidima ya tsaya tsirara rana tana dukansa ba. Ta zauna ta ɗinka masa riga ta karammiski, koriya shar, da sunan Lurwanu da zare mai ruwan zinare. Riga ce ta gani ta faɗa, ba ta da aibi ko ɗaya sai dai ba a bar wa ido kafa ba. Hajiya Mas'uda ta karɓa da hannu biyu, domin wannan ne karo na farko da lungu ya girmama sabil ɗin mijinta. Daga ranar rigar take fitowa ta gaisar da safe. Ran Juma'a kuma a kawo kasko a turara shi.

Ana cikin haka Rawan ta yi aure ta koma unguwar Shisha, ga aikin asibiti ga goyo, ita ce kuwa kaɗai ta san yaren idon. Takan tambaya ta waya, "Ummi, kef jihaz?" Uwar ta ce lafiyarsa ƙalau, har riga ya samu. Ba ƙarya ta yi ba. Zafin Makka ya zo ya wuce, ya sake zuwa, marigayin yana dahuwa cikin karammiski bai yi ƙorafi ba.

Batirin irin wannan akwati yana da wa'adi kamar kowa. Da nasa ya gabato, idon ya juye ja a ƙarƙashin riga inda babu mai gani. Sai ya koma ga abu ɗaya da ya rage masa, ya fara kira. Ƙit. Ya yi shiru ɗan lokaci. Ƙit. Duk lungu ya ji. Yalwa ce ta fara fassarawa, ta dafa ƙirji ta ce tasbihi yake yi, a Makka ko ƙarfe ba ya zama haka nan. Magana ta bazu. Alhazai suka riƙa kanga masa waya suna ɗaukar sautin su aika gida. Turki ya ce gyare ne ya shiga rigar. Baba Tsoho, wanda ya fi kowa kusa, ya ce tsokanarsa yake yi, kuma ba zai tanka ba.

Hajiya Mas'uda kuwa murna ta yi, kuma wannan murnar ce ta fi komai cin ta a rai yanzu. Ta ɗauka Allah ya dube ta, ya buɗe wa Lurwanu hanyar lada ba tare da kowa ya faɗi ba. Takan zauna a bakin taga bayan sallar walaha tana jan carbi, akwatin ya ce ƙit ita ta ce subhanallah. Sannu a hankali muryar ta dushe, tazara ta ƙaru, wata safiya aka wayi gari shiru. Aka ce ya kammala wuridinsa.

Abin da ya faru ranar da asiri ya tonu, Hajiya Mas'uda ba ta gani ba, daga bakin mutane ta tattara shi. Da hantsi ta fito ƙofa za ta nuna wa sababbin baƙi hanyar Harami, ta ɗaga hannu, lungu ya karkata, shi ke nan abin da ta sani. Maza suka rugo suka kewaye ta. Da suka ga ko wace ce, mace, matar marigayi Lurwanu, uwar gida mai mutunci, sai kowa ya ja baya ya kawar da fuska cikin ladabi, ana ta cewa a kira mace, a kira mace. Turki ya iso da gudu riƙe da gorar zamzam, ya tsaya yana kallon gorar.

Baba Tsoho ne ya miƙe. Ya juya ya fuskanci bangon da ya yi shekaru bai kalla ba, ya fige rigar karammiski ya yar a ƙasa, ya sauko da akwatin, ya ɗaga murfi. Shiru. Ko jan idon babu. Ya jijjiga shi, ya rufe ya sake buɗewa.

"Yi magana mana," ya ce. "Ranar da ba a tambaye ka ba ka cika lungu da surutu." Akwatin bai motsa ba. Mutane da dama sun rantse sun ji tsohon ya ƙara da cewa, "Don Allah, ɗana, yi magana." Shi ya musa.

Sai ya ajiye gawar a hankali ya daka tsawa. "Yalwa, durƙusa! Hajiyoyi, ku kare ta!" Matan da suka sauka a gidan suka ware mayafai da zannuwa, suka riƙe su baki da baki har suka yi katanga. Shi kuma ya koma kan jakarsa ya ba su baya, abin da ya fi kowa ƙwarewa a kai, ya ɗauki asuwaki mai kauri, ya fara magana da wata murya da lungu ya sani, ba gaggawa ba rawa, sai dai da Hausa.

"Ki natsu. Turki, ajiye gorar nan, kira is'af, ka je bakin titi ka buɗe musu hanya. Yalwa, tsakiyar ƙirji. Hannu bisa hannu. Danna. Danna da ƙarfi." Ya shiga buga asuwakin a gefen faranti, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Daga bayan zannuwa Yalwa ta yi kuka ta ce, "Baba, zan karya mata haƙarƙari!"

"Ta karya nawa, ga ni ina sayar da asuwaki. Danna."

Da hannun Yalwa ya mutu wata hajiya 'yar Maraɗi ta karɓa, da ta gaji wata ta karɓa, farantin bai yi shiru ba ko sau ɗaya. Turki, a faɗi gaskiya, ya yi aikin maza a bakin titi, ya rabu da takalmansa da muryarsa kafin ya keto da ma'aikatan is'af cikin jama'a. Sun zo da nasu akwatin, ɗan'uwan marigayi, wanda ya tarar da zuciyar ba ta riga ta yi nisa ba. Ya ce a ja da baya, aka ja. Ta dawo.

Baba Tsoho ya je duba ta a asibiti, ya zauna nesa da gado yana kallon ƙasa. Ta tambaye shi da ƙyar, ƙirji na ciwo, wace rana ce ta faɗi.

"Talata," ya ce. "Ba azumi, ba komai. Ba ki yi asarar komai ba."

Rawan ce ta duba gawar. Ta tarar batirin ya kumbura ya zubar da ruwa ya cinye cikin, babu sauran abin gyara. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Da aka ba ta labarin tasbihin, sai ta ce wa uwar, "Ummi, ba zikiri yake ba. Kiranku yake." Hajiya Mas'uda ta yi kukan da ba ta yi wa haƙarƙarinta ba. Wanda ta kafa don ya ji faɗuwar kowa, shi ya yi ta kira a ƙarƙashin tagarta tana amsa masa da carbi.

Marigayin ya bar uwar ɗakinsa, Hajiya Mas'uda, da Rawan wadda ta yi sanadin zuwansa. Ya bar faifai biyu da aka sabunta masa bayan aikin Baba Tsoho, ba a ɓare su ba, danƙonsu ya bushe, da ƙusoshinsa a bango, da riga guda wadda Yalwa ba ta iya kallonta. Ya bar dangi a wurare daban-daban, waɗansu a sarari ana kula da su, waɗansu Allah kaɗai ya san launin idonsu a yau. Ya kuma bar ɗa namiji guda ɗaya da ya samu da tsufa, mai sayar da asuwaki, ɗan shekara tamanin da wani abu, wanda har yanzu ba ya amsa dangantakar.

Iyalan suna sanar da cewa batun gurbin da ya bari a bango ya ɗan jawo ka-ce-na-ce. Ana sallamo Hajiya Mas'uda, Turki ya zo gaishe ta da mai aikin famfo a bayansa. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Ya Ummu Rawan, halas, magana ta ƙare. Ranar da kika bukace shi ya ci amanarki. Barrada ko ta lalace, mai ƙishi na farko zai faɗa." Ta ce bai ci amana ba, su suka rufe masa ido suka yi wa kukansa tafsiri. Amma tana faɗa tana ganin dangi sun fara gyaɗa wa Turki kai, kuma ta san in famfo ya shiga bangon nan, alkawarin da ta ɗauka ranar da take riƙe da takalmin Lurwanu ya tafi ke nan. Turki, ganin nasara ta kusa, ya ce a tambayi mutum ɗaya tilo da ya taɓa sha daga wannan sabil, duk abin da ya ce ya zauna. Ya san abin da ke tsakanin Baba Tsoho da akwatin, kowa ma ya sani.

Aka kira tsohon. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gama tauna asuwakinsa tukuna.

"A kawo wani," ya ce. Turki ya buɗe baki, ya ɗaga masa hannu. "Amma wannan karon ina fuskantarsa. In sa masa ido safe da yamma, kada ya sake yi mini shisshigi ban shirya ba."

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi wa marigayin salla ba, ƙarfe ne, iyalan sun sani, kada malamai su wahalar da kansu zuwa yin nasiha. Za a yi zaman makoki a ƙofar gidan bayan La'asar, na kwanakin da aka saba, da kujeru a jere, da gahawa da dabino, da shinkafa da hummus kamar yadda ake yi a kowane gidan rashi a garin nan. Sai dai babu wanda za a zuba wa gahawa sai ya durƙusa gaban mutum-mutumin roba ya danna ƙirji har Rawan ta ce ya isa. Bisa umarnin Hajiya Mas'uda, an sa wa mutum-mutumin abaya, kuma maza ne za su fara, Turki a gaba. Masu larurar gwiwa za su buga faranti.

Magajin marigayin zai iso a ranar ƙarshe, ya hau ƙusoshin da aka bari, da sunan Lurwanu a ƙarƙashinsa. Ana roƙon jama'a da girman Allah kada a ɗinka masa riga, kada a turara shi, kada a sa masa kwaɗo. Duk wanda ya wuce ya kalli idonsa. Wanda ya ji ya ce ƙit, ya yi subhanallah in yana so, sa'an nan ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Gawar kuwa ba za a jefa ta a shara ba. Bayan an tashi daga zaman ƙarshe za a kai ta wurin masu karɓar matattun kayan lantarki, Baba Tsoho ne zai ɗauka. An so a naɗe ta cikin rigar karammiskin, Hajiya Mas'uda ta ce wadda ya sha a raye ta isa. Ana cikin neman ƙyalle sai tsohon ya tashi daga kan jakarsa, ya buɗe ta, ya fito da likkafanin nan wankakke da zamzam, ya auna akwatin da ido, ya sa haƙorin da ya rage masa ya tsaga ƙyalle mai faɗi daga jikinsa.

Hajiya Mas'uda ta ce, "Baba, wanda ya rage ai ba zai ishe ka ba."

Ya ninke ragowar ya mayar cikin jaka, ya koma ya zauna a kai, fuskarsa tana kallon bango.

"To sai in jira," ya ce. "Ba sauri nake ba."